Ɗakin Da Na Gina Da Ƙasar Wasu

Tun da aka kafa injin buga bulo a bayan gidana na daina gane tsakar rana da kunne. Da can shiru ne yake gaya wa mutum rana ta take. Kaji su shige ƙarƙashin rumbu, masu daka su jingine taɓarya, kurciya ma ta gaji da kukanta, garin Gashua ya yi tsit har kana jin numfashin jakin maƙwabci ta bayan katanga. Iyayenmu ba sa barin kowa ya fita a wannan lokaci, suna cewa akwai masu hanya, a bar su su wuce. Yanzu kuwa daga hantsi har la'asar sai gir-gir-gir, ƙasa tana rawa, kofin shayina yana tafiya da kansa a kan tabarma. Masu aikin suna gaishe ni da ladabi, ba ni da ta cewa a kansu. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda tifa za ta juye musu yashi su hau aiki, babu mai duƙawa ya ɗebi ko tafi ɗaya ya duba, balle ya tambayi direba inda aka haƙo shi. Na taɓa yi wa babbansu magana, ya yi dariya ya ce, "Baba, yashi ai yashi ne." Ban yi masa musu ba. Ni ma na taɓa faɗin irin haka da bakin nan nawa, kuma saura ƙiris abin ya ci matata da abin da ke cikinta.

A Nguru na koyi gini, kuma ba koyo ya kai ni ba. Dako na je yi a tashar jirgin ƙasa, zamanin da ake loda gyaɗa da fatu da busasshen kifi, gemuna ya fara cika ke nan. Wanda ya ba ni wurin shimfiɗa tabarma a zaurensa wani dattijo ne daga cikin Mangawa, siriri, mai kaushin hannu, kowa Baba Magini yake ce masa. Shi kuma yana kirana tadani, wato ɗana da yarensu. Idan kaya suka yi ƙaranci a tasha sai in bi shi wurin aiki. Mutumin nan ba ya fara gini sai ya ɗanɗana ƙasar. Zai murza ta tsakanin yatsu, ya shinshina, ya ɗora kaɗan a harshe, ya lumshe ido kamar mai ɗanɗana miya. Idan ya ji gishiri ko ɗacin kanwa magana ta ƙare, ko da an riga an tara ƙasar ta yi tsibi. Ya ce ƙasa mai gishiri ba ta ƙoshi da ruwa. Tana zuƙo shi daga ƙasa, ta cinye gindin bango ta bar samansa lafiya lau, har ranar da zai durƙusa. Baƙar ƙasar fadama, wadda muke kira firki, ita kaɗai tsagewa take yi. Yashin jigawa shi kaɗai ba ya riƙe kansa. Sai an haɗa su, a zuba ƙaiƙayin gero da yankakkiyar ciyawa da kashin doki, a jiƙa, a tattaka da ƙafa, a rufe da zana a tafi. Bayan kwana uku a dawo a sake, sannan a kuma sakewa, har kwaɓin ya fara warin tsohon kududdufi. Warin nan shi ne alamar ya nuna.

Har yau ina jin sautin aikin. Caɓal-caɓal na ƙafafu a cikin kwaɓi, da dif ɗin tubali idan aka jefa wa magini a kan bango ya cafe, da 'yar waƙar da yake yi ta hanci wadda ba ta da kalma ko ɗaya. Tubalinmu na hannu ne, mai faɗin gindi da tsinin kai, yana shan rana mako biyu kafin a taɓa shi. Ba a ɗaga bango fiye da kamu ɗaya a yini, sai ya bushe ya yi ƙarfi a ɗora wani. Gindi da kauri, sama yana ramewa a hankali. Ƙofa ba ta kallon gabas, domin daga can ruwa yake dukanmu, kuma bangon gabas ake fara shafa wa makuba, yaɓen da ake haɗawa da ɓawon ɗorawa. Azara sai ta namijin giginya, in ka sa ta macen, gara ce kawai za ta gode maka. A zuba toka a cikin harsashi, a karkata rufi wajen indararo, a hau sama kowace bazara a toshe tsaga. Duk wannan na riƙe shi daram. Abu ɗaya ne na ɗauka surutun tsufa. Ya ce ƙasar rusasshen bangon gidanku ta fi kowace kyau, domin ta saba da tsayuwa kuma ta san ku. Amma ƙasar kufan da ba ka san mutanensa ba, komai kyanta, ka bar musu abarsu.

"Me za su yi da ita, Baba, tunda sun mutu?" na tambaye shi.

"Me kake yi da bargonka in ka kwanta?" ya ce, ya ci gaba da aikinsa.

Da na koma Gashua aka ba ni mata, 'yar garin Katuzu da ke kusa da mu, aka sa biki a ƙarshen rani. Kawuna ya yanka mini fili a gefen gari, ta wajen kogi. Na rantse babu mai gina mini ɗakin aure sai ni, ban kuma aika wa Baba Magini ba, don ina so ya zo ya tarar da abu a tsaye ya riƙe baki. Ni mutum ne mai gaggawa da son a yaba, tsufa ma bai raba ni da su duka ba. Damuwata ita ce lokaci. Filina yashi ne zalla, firki tana can nesa, ga haɗawa, ga jiran kwaɓi ya nuna. Amma tsakanina da kogi akwai wani tudu mai faɗi, ba shi da tsayi, babu ko ciyawa a kansa sai fasassun tukwane birjik. Masunta Badawa suna kewaye shi da komarsu a kafaɗa, ko da hakan ya ƙara musu tafiya. In ka tambaye su sai su ce tudun mutanen da ne, su wuce. Ba kakanninsu ba ne, ba na Barebari ba, ba na kowa ba. Wata rana na kai fartanya na sari gefensa don in gani. Ƙasa ce toka-toka, mai laushi da danƙo, kamar an haɗa an tattaka an ajiye mini. Na murza ta na ji daɗi har cikin raina. Ban ɗanɗana ba, kuma na san abin da ya hana ni.

Da tsakar rana nake zuwa ɗiba, lokacin da kowa ya shige inuwa, ni da jakin kawuna da mangala. In an tambaye ni sai in ce daga fadama. Tubalin da ƙasar nan ta ba ni ban taɓa ganin irinsa ba, ya bushe sumul babu tsaga ko ɗaya. Akwai 'yan farare-farare a ciki, na ce ɓawon katantanwa ne, tunda bakin ruwa ne. A kwana na tara ramin ya kawo mini ƙugu, sai fartanya ta daki wani abu ya yi ƙara irin ta randa. Na share da hannu. Tukunya ce babba, ta fi ƙarfin rungumar mutum, an kifa wata a bakinta, saran da na yi ya ɓalle mata gefe. Na leƙa. Mutum ne zaune a ciki, gwiwa haɗe da haɓa, hannuwa sun zagaye ƙafafu. A ƙugu ga duwatsun jigida a jere, zaren ya ruɓe amma ba su watse ba. Mace ce. Fuskarta tana daidai ɓarakar da na yi, kamar wadda aka buɗe wa ƙofa tana jiran a faɗi abin da ya kawo mutum. Sai a lokacin na lura babu motsin komai, ko ƙuda. Jakin ya ja baya iyakar igiyarsa ya kafe kunnuwa, kuma ba tukunyar yake kallo ba, wani wuri yake kallo ta bayan kafaɗata. Ban waiwaya ba. Na mayar da ɓallen, na tura ƙasa a kai, na karanta abin da ya zo bakina, na ja jakin muka tafi.

A gida na fasa tubali ɗaya, na tsinci farin abin nan na duba da kyau. Ba katantanwa ba ce. Ita ta cikin tukunya an adana ta, sauran mutanenta kuwa, waɗanda tasu tukunyar ta fashe tun tuni, suna cikin ƙasar da na kwana tara ina jida ina tattakawa da ƙafa. Na tsaya ina kallon tubalan jere a rana. Sun kusa isa ɗaki, biki kuma ya matso. Na ce wa kaina ƙasa ai ƙasa ce, dukanmu daga ita muke. Har wa'azi na yi wa kaina don in samu in yi abin da na riga na yi niyya. Na gina ɗakin, kuma ya yi kyau, wannan ba zan ɓoye ba. Mata suka zo daɓe suna guɗa, kawuna ya zagaya yana ƙwanƙwasa bango yana sa mini albarka, aka kawo amarya.

Ɗakin yana da sanyi. Ɗakin ƙasa dama ba ya dafa mutum kamar na kwano da bulo, inda yanzu in an ɗauke wuta sai ka ga magidanci da rawaninsa ya gudo ƙofar gida yana fifita. Amma sanyin wannan daban ne, yana kama ƙafa ya hau, baƙi suna ta yabawa ni ina murmushin dole. Damina ta zo ta wuce bai ɗiga ba. Abin da na fara lura da shi ƙarami ne. Matata ba ta shiga ɗakin sai ta yi sallama. Ko daga madafa ta taso ɗauko ludayi, sai ta tsaya a bakin ƙofa ta ce salamu alaikum, ta ɗan dakata, sannan ta ɗaga asabari. Dakatawar ce ta dame ni, domin daidai tsawon amsa ce.

"Wa kike yi wa sallama, bayan ga ni a waje?" na ce da ita ran nan, ina dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Ban sani ba, Malam. Haka kawai nake jin ba daɗi in faɗa wa mutane babu sallama."

"Waɗanne mutane?"

Ta dube ni, ita ma tana mamakin abin da ya fito daga bakinta, ta yi murmushi ta koma wajen tukunyarta. Daga ranar na mayar da barcin ranata gindin bishiya.

Bayan kaka ta samu ciki, na yi murna har na manta da tsoro na 'yan kwanaki. A ranin nan ne gindin bango ya fara fitar da wani farin gari, daga ƙasa zuwa gwiwa. In na share, kafin kwana biyu ya dawo. Sannan na fara ganin 'yan ramuka a bangon da ke kusa da gadonta, kamar aikin ɓera, sai dai sun yi sama da yawa, kuma da alamar farce. Wata rana na dawo daga kasuwa da azahar ban yi gyaran murya ba. Na ɗaga asabari na same ta zaune ta fuskanci bango, tana ƙwaƙular ƙasa da yatsa tana kaiwa baki, idonta a lumshe. Kowa ya san mai ciki da kwaɗayin ƙasa, iyayenmu ma sun ci, ba abin magana ba ne. Ta ji kunya ta ɓoye hannu.

"Ka yi haƙuri, Malam, zan liƙe maka ramukan. Wallahi ban taɓa cin ƙasa mai daɗin wannan ba. In ban ci ba sai abin ya yi ta juyi, da na ci sai ya kwanta."

"Tun yaushe?"

"Tun da ya fara motsi."

Na fita na zagaya bayan gida na yi amai. Na hana ta, ta ce to, amma ramukan ba su daina ƙaruwa ba, ni kuma na kasa gaya mata dalili. Na kawo mata farar ƙasa daga kasuwa, ta ce salam take. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa sani ba, ga kunyar abin da na aikata ta toshe mini baki. Da na ga hadari ya fara leƙowa daga gabas, sai na ba wani direban babbar mota saƙo zuwa Nguru.

Baba Magini ya iso ranar kasuwa, ya ƙara tsufa, har da sanda. Na daɗe ina ɗokin ranar da zai ga ginina, da ranar ta zo ji na yi kamar in gudu. Ya zagaya ɗakin sau ɗaya. Ya dubi azara ya gyaɗa kai, ya dubi indararo ya gyaɗa kai. Sannan ya tsuguna a gindin bangon gabas, ya lakato farin garin ya kai harshe, ya tofar. Ya kafa sandarsa a gindin bangon, ta shige kusan taƙi guda ba tare da ya matsa ba.

"Tadani, a ina ka ɗebo?"

"Fadama, Baba."

Bai ɗago ba. Ya ƙwaƙulo wani abu daga ramin da sandar ta yi, ya goge a rigarsa, ya miƙo mini a tafin hannu. Haƙori ne, ƙarami, na yaro.

"Fadamar nan taku da haƙora take," ya ce.

Na gaya masa komai a tsugune, tun daga sara na farko har abin da matata ke ci. Bai zage ni ba, da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ya dubi bangon ya ce:

"Maganar waɗanda ke ciki ban san ta ba, Allah ne masani. Maganar bango ita na sani. Mutane sun zauna a kan ƙasar nan shekaru ba iyaka, sun zuba toka, dabbobinsu sun yi fitsari, su ma sun kwanta a ciki. Gishiri ne zalla. Daminar bara ya sha ya ƙoshi, gindi ya tafi. Bana ruwa biyu ko uku ɗakin nan zai zauna, kuma ba zai yi ƙara ya gargaɗe ku ba. Ka fitar da 'yar mutane."

"In tokare shi mana, Baba, in yi masa sabon yaɓe?"

"Yaɓe fata ce kawai. Cikin ne ya mutu."

Ashe matata tana bayan zana, ta ji duka. Da ya tafi masallaci sallar la'asar ta fito ta tsaya a gabana. Na zaci kuka za ta yi, ko ta ce in kai ta gidansu. Fuskarta a bushe take.

"Ta cikin tukunyar, mace ce ka ce?"

"Mace ce."

"Kai ni in ga wurin."

Na ce ba inda za ta da cikin nan. Tun da aka kawo ta ba ta taɓa musa mini ba sai ranar. Washegari da hantsi muka tafi, tana bayana tana tafiya a hankali. Ramin yana nan yadda na bar shi, iska ta ɗan zuba masa yashi. Ta tsaya a bakinsa, hannu ɗaya a ƙugu.

"Ka kwashe mata 'yan'uwa ka bar ta ita kaɗai a rana," ta ce. "Ka mayar mata da su, Malam, duka. Ba zan tafi gida haihuwa ba sai na ga ramin nan a cike."

Haka na rushe ɗakina da hannuna. Baba Magini ya tsaya aka sauke azara ɗaya bayan ɗaya, ya ce ita ba ta da laifi, a jingine ta a inuwa za ta yi wani ɗakin. Da muka tura bangon gabas bai yi gardama ba, ya sulale ya zauna kamar buhun gari, ko ƙarar kirki babu. Daidai nan kan gadon matata yake. Na kafa mata rumfar zana, na kama jida, wannan karon da safe, a idon kowa. Gari ya ɗauka aljanu sun taɓa ni. Kawuna ya yi fushi ya ƙwace jakinsa, sai wani tsohon masunci da ban taɓa magana da shi ba ya kawo nasa ya ɗaure mini a ƙofar gida, bai tambaye ni komai ba. Matata kuma tana zaune a kan turmi tana tsince fararen nan ɗaya ɗaya, ta naɗe su a farin ƙyalle, muka sa a ƙasan ramin. Kullum hadari yana ƙara baƙi, kullum ina roƙonta ta tafi, tana cewa saura.

Ranar ƙarshe na juye mangala, na baje, na daddanna da ƙafa. Ramin ya cika, sai wata 'yar lotsawa a tsakiya, daidai kan tukunyar, wadda ƙwarya ɗaya za ta cike. Na koma na kankare fili har na kai ga yashi, ban samu ko tafi ɗaya ba. Na san ƙasa tana raguwa, iska ta ɗauka, ruwa ya wanke, duk magini ya san haka. Na ce bari in ciko daga fadama. Ta riƙe mini hannu.

"Ba tata ba ce, kada ka zuba." Ta ɗora tafi a kan cikinta. "Sauran yana nan."

Washegari 'yan'uwanta suka zo suka tafi da ita Katuzu. Kwana huɗu bayan haka ruwan farko ya sauka, mai iska, ya kwashe rumfar zanar ma. Watannin da suka biyo baya ba na son tuna su. Duk wanda na hango ya nufo gidana daga hanyar Katuzu sai in ɗauka mugun labari ya kawo, domin na sa wa raina masu ƙasa za su zo karɓar abin da ya rage, kuma ban san ko uwar za su ɗauka ba ko abin da ke ciki, ko su haɗa. A tsakiyar damina saƙo ya zo: 'ya mace, uwa da 'ya lafiya. Na yi kuka a gaban ɗan aiken, ban ji kunya ba.

Da rani ya dawo na sake gini, da firki da yashi, na tattaka sau uku, na ɗanɗana har harshena ya yi kaushi. Ɗakin yana nan, a gabansa nake zaune yanzu. Duk wanda ya zo neman shawara abu ɗaya nake gaya masa, ko ginin siminti zai yi. Ka san inda aka haƙo yashinka. Ka shayar da bulo ruwa safe da yamma har mako, kada ka ɗora shi ɗanye. Ka shimfiɗa leda da kwalta a kan harsashi kafin bango ya tashi, domin gishirin ƙasar nan tamu bai san siminti ba, ka dubi gindin sababbin gidaje ka ga yadda fenti ke zuba. Suna cewa to, Baba, wasu su yi, wasu su bar ni da bakina.

Yarinyar ta girma lafiya. Ita ce 'yar farina, don haka bisa al'ada ban taɓa kiran sunanta ba, daga ke sai yarinya. Na yi shekaru ina satar kallonta ina neman wata alama, ban ga komai ba sai yawan shiru da haƙuri. Ban gaya mata labarin ba, ban kuma taɓa bari an bi da ita ta wajen tudun ba. Ta yi aure, ta yi koyarwa har ta ajiye aiki, mijinta ya rasu, uwarta ma ta rasu. Yanzu jikoki gare ta.

Watan jiya ta zo da mai keke ta ce in zo in sa albarka a filin da ta samu, za ta gina inda za ta ƙarasa kwanakinta. Gari ya ci daji, inda masunta ke wucewa da yanzu layuka ne da turakun wuta. Muna tafe na fara gane wurin, domin ko an canza komai ba a canza lanƙwasar kogi ba. Katafila ta aske tudun, amma ga fasassun tukwane nan cikin ƙasa. An kafa turaku an ja igiya, leburori suna zaune da diga suna jira. A tsakiyar filin ga lotsawar nan, duk damunan da suka wuce ba su cike ta ba.

"Ke," na ce, "kada a haƙa nan. Akwai maganar da ban taɓa gaya miki ba."

"Na sani, Baba. Inna ta gaya mini kafin ta rasu. Ba za a haƙa nan ba, nan tsakar gida ce. Ɗakuna can baya za su tsaya, a kan yashi, kuma na sa a kawo leda da kwalta yadda kake faɗa."

"To me ya kawo ki nan, bayan kin sani? Filaye sun ƙare a garin ne?"

Ta taka a hankali zuwa tsakiyar filin, ta gyara mayafinta, ta zauna daidai cikin lotsawar, wurin ya yi mata cif. Rana ta take, leburorin sun yi shiru.

"Inna ta ce saura ƙwarya ɗaya ba a mayar ba," ta ce. "To, ga ni na kawo."

Tun da aka haife ta sunanta bai taɓa fita daga bakina ba. Ranar na kira shi, da ƙarfi, a gaban mutane, na ce ta tashi daga wurin nan. Sai a kira na uku ta amsa.